Tonik ɗin Mista Pilbeam da Kabewar Matarsa

A ƙauyen Dunstow, da zarar rana ta yi kuskuren leƙowa kwana biyu a jere, sai mutane su rikice. Maza su fito da gajeren wando da ƙwauri fari fat, mata su duƙufa kan furanni, kowa ya kama zancen bikin bazara da ake yi a filin coci. Shi kuwa Lionel Pilbeam, da ranar bana ta haska, abu ɗaya ne ya faɗo masa a rai: rumfar abin sha.

Lionel ya yi ritaya daga sayar da kafet, amma bakinsa bai yi ritaya ba. Ya taɓa zuwa hutu Sifen, ya zauna a wata mashaya ya kalli yadda ake haɗa giyar jin da tonik, wani ruwa mai gas da ɗan ɗaci, a wani ƙaton kofi mai kama da kwano, tun daga nan ya dawo gida malami. Duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya sha karatu a kan ƙanƙara da lemon tsami. Abin da ke ci masa rai shi ne, shekara da shekaru rumfar abin sha ta bikin tana hannun maƙwabcinsa Clive Goodyer, mutumin da iyakar fasaharsa ita ce ya sayo kwalabe a kanti ya buɗe.

"Bana sai na ƙwace rumfar nan," in ji Lionel da safe, yana shafa wa burodi bota, matarsa Hilary tana zuba shayi. "Tonik ɗin kanti ruwan sukari ne kawai. Ni da hannuna zan dafa nawa, daga sassaƙen itacen kwinin, yadda aka san shi tun asali."

"Kai da likita ta hana ka giya saboda ciwon ƙafa?"

"Wa ya ce miki sha zan yi? Hanci gare ni, Hilary. Ɗanɗanawa ai aikin 'yan koyo ne."

"Hancin da bai ji ƙaurin labule ba ranar da ka ce za ka gasa mana kifi?"

"Wannan iska ce ta juya."

Hilary ta ɗauki butar ban ruwa ta nufi ƙarshen lambu, inda Bertha take. Bertha kabewa ce. Hilary ta raine ta tun tana ƙwaya a bakin taga, tana lulluɓe ta idan sanyi ya sauko, tana yi mata hira kamar jikanya. Gasar kabewa ta bikin, sau da yawa ta biyu take zuwa, bana kuwa ta sa rai da ta ɗaya. Daga bakin ƙofa ta waiwayo. "Ka yi duk shirmen da za ka yi, Lionel. Amma ka bar mini Bertha."

Ranar taron kwamiti Lionel ya je da taye a wuya. Shugabar kwamitin, Misis Audrey Tuppen, mace ce da ta saba sallamar mutane da murmushi. Ya yi ta zuba, daga tarihin tonik ya koma kan raggancin Clive, har shayin kowa ya huce. Don dai ta samu ya zauna, sai ta ce, "To Mista Pilbeam, ka gayyace mu mu ɗanɗana mana. In kwamiti ya gamsu, rumfa taka ce."

Ya dawo gida baki har kunne, yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa magana ta ƙare.

Sassaƙen ya iso ta gidan waya a cikin wata jaka mai nauyi. Mai sayarwa ya gargaɗe shi ta waya cewa ɗan cokali ya isa babbar tukunya. Lionel ya ce irin wannan rowa ce ta kashe tonik a ƙasar nan, ya juye jakar gaba ɗaya a tukunyar da Hilary ke dafa jam, wato 'ya'yan itace da sukari na shafa wa burodi. Ruwan ya yi ja, ya koma launin tsatsa, wani irin tururi ya cika gidan har kyanwar gidan gaba ta daina biyowa ta katangarsu. Lionel ya sunkuya ya shaƙa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Yauwa. Wannan shi ne."

Sai maganar ƙanƙara. Ya ce ƙanƙara mai kusurwa ta talakawan mashaya ce, tasa sai ta zama mulmulalliya. Ya sayo balan-balan ya ɗura musu ruwa, ya kwashe duk abin da ke cikin firiza don ya samu wuri. Da Hilary ta dawo daga kasuwa ta tarar da naman ragon Lahadi da wakenta na bara suna zufa a kan tebur.

"Wannan fa?"

"Sadaukarwa ce. Kowane babban aiki da irin tasa."

"Naman ne ya ce maka zai sadaukar?"

Suka kwana uku suna cin rago safe da yamma. Ƙanƙarar kuwa ta fito ƙato-ƙato, ba kofin da za ta shiga, sai da ya bi ta da guduma. Ta dawo mai kusurwa, har ta fi ta talakawan kaifi.

Saura gas. Ya ce gas ɗin inji ƙarya ne, na gaskiya yis ke kawo shi. Ya ɗura kwalabe, ya zuba yis da sukari son ransa, ya toshe, ya jera su a ɗakin katakon da ke bayan lambu, inda rana ke dukan rufi tun hantsi. Ranar Lahadi da azahar, Clive na kwance a kujerar lambunsa da jarida a fuska, karensa Toffee na barci a ƙafarsa, sai aka ji tas! Kafin a ce me ne ne, sauran kwalaben suka amsa. Toffee ya ranta a na kare, da ma nasa ne. Taga ta tarwatse, wani sashe na rufin ya tashi ya tsallake shinge.

Clive ya leƙo ta saman shingen. "Lafiya dai, Lionel?"

"Lafiya lau. Gwaji nake yi."

"Na ga kamar rufinka ya shigo wurina."

"Ajiye mini shi, zan aiko."

"A'a, ba gaggawa. Da ma wajen yana son inuwa."

Washegari Lionel ya je gari ya sayo injin gas irin na kowa, ya shaida wa Hilary cewa tun farko shi ne a tsarinsa. Sauran ruwan tsatsar ya haɗe shi da jin a cikin wata ƙatuwar jarka, wai don su saba da juna.

Ranar Juma'a da yamma baƙi suka zo: Misis Tuppen, da Rabaran Osgood limamin cocin, da Likita Fenwick wadda ta hana shi giya, da Clive da karensa. Hilary tana kicin tana yanka burodi, ita da ma shayi ne abin shanta. Lionel ya sa farar riga, ya miƙa wa kowa kofinsa da yankan lemo da kokwamba a sama, ya ja da baya ya harɗe hannu.

Rabaran ne ya fara kurɓa. Wuyansa ya miƙe, kunnuwansa suka yi ja, ya daɗe yana kallon sama kamar mai jiran umarni. Ɗacin nan ba a baki ya tsaya ba, har cikin haƙori yake shiga ya zauna. To amma mutumin Dunstow, ko ƙafa ka taka masa shi zai ba ka haƙuri, balle ka ba shi abin sha a gidanka.

"Kai," in ji Rabaran da wata siririyar murya. "Abin ba a cewa komai."

"Ban taɓa shan irinsa ba," in ji Misis Tuppen, tana share ido da gefen hankici.

Likita ta ce, "Yana da ƙarfin hali."

Clive ya haɗiye nasa da ƙyar. "Da daɗi ƙwarai," in ji shi.

"Na faɗa muku!" in ji Lionel. "Bari in ƙaro ƙanƙara."

Yana ba da baya, kofuna huɗu suka karkata. Misis Tuppen ta shayar da tukunyar furen da ke kusa da ita, Rabaran ya yi wa na'a-na'a albarka, Likita da Clive suka raba wardi. Ba wanda ya kalli ɗan'uwansa. Da Lionel ya dawo ya ga kofuna wayam, sai daɗi ya kama shi har ya manta da ɗingishi.

"Ashe ƙishi kuke ji haka! Miƙo, miƙo."

Da za su tafi ya tambayi Misis Tuppen ko magana ta tabbata. Ta ce ai kwamiti na da yawa, ya kamata sauran su ma su samu rabonsu. Ta faɗi haka ne don ta tsira, shi kuwa ya ɗauke shi izini. Ya mayar da abin duk Juma'a. Ya gayyaci kwamiti, ya gayyaci mawaƙan coci, da 'yan ƙungiyar wasan ƙwallon kurket, da duk wanda ya yi kuskuren wucewa ta ƙofarsa. Kuma da yake kofuna na ƙarewa da wuri, ya yanke hukuncin cewa abin ya yi musu sauƙi, ya aika aka ƙaro sassaƙe.

Furannin tukwane ne suka fara tafiya. Na'a-na'a, wadda ko fari ba ya kashe ta, ta yi baƙi ta kwanta. Wardi ya zubar da ganye. Da wuraren zubarwa suka yi ƙaranci, baƙi suka gano cewa a can ƙarshen lambu akwai wasu faffaɗan ganyaye masu rufa asiri. Sai ka ga mutum ya ce bari ya je ya yaba kabewar Misis Pilbeam, ya tafi da kofi cike ya dawo da shi a bushe. Har layi ake yi, cikin ladabi, kowa na cewa, "A'a, ke fara."

Lionel ya ga lambu na mutuwa, nan take ya zama masanin cutar tsiro. Ya zagaya da hannu a baya, ya shinshina ƙasa, ya tsaya a bakin shinge.

"Clive, ba na son in ɓata zumunci, amma karenka ne."

"Toffee?"

"Fitsarinsa. Hancina ba ya ƙarya. Duk inda fure ya mutu, na ga ya bi ta wurin."

Clive ya saci kallon wardin. Ya san wanda ya kashe wardin nan, don da hannunsa aka yi. Amma in zai wanke karensa daga zargi, dole ya ce wa maƙwabci abin shansa ba ya shawuwa, wannan kuwa ba a taɓa yi ba a Dunstow.

"Ka yi haƙuri," in ji shi. "Zan ɗaure shi."

Aka ɗaure Toffee a gindin tuffa, bawan Allah, yana kallon duniya ta tsakanin katako. Mutanen gari da suka san gaskiya suka riƙa wucewa suna kaɗa kai suna cewa kare dai ba shi da kirki.

Bertha ta daina girma. Ganyenta ya yi rawaya, gefenta ɗaya ya yi taushi. Wata safiya Lionel ya fito da kofin shayi ya tarar da Hilary a durƙushe, hannunta cikin ganye, da bokiti a gefenta. Tana ciro abu tana jefawa ciki: yankan lemo, yankan kokwamba, wani lemon, wata kokwambar. Bokitin ya kusa rabi.

Ya leƙa, ya yi tsaki. "Kin gani ko? Karen nan har lemo yake ci."

Hilary ta ɗago ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa. Idonta ya yi ja, don ta san Bertha ba za ta ga filin coci ba, kuma abin ya yi mata zafi ƙwarai. Amma ba ta ɗaga murya ba.

"Yaushe ne kwamiti zai yanke hukunci?"

"Juma'ar nan. Kowa da kowa zai zo."

"To ka bar mini shirya wurin zama."

Lionel ya tafi yana murna, yana cewa a ransa mace dai sai ta ga nasara take bin miji.

Ranar Juma'a rabin ƙauye ya hallara. Hilary ta jera kujeru a kan daɓen simintin da ke bayan kicin. Tukwanen fure, masu rai da matattu, ta kwashe su kaf. Ta ja igiya ta raba daɓen da ciyawa, wai an yi sabon shuka. Ita kuma ta kafa kujerarta a bakin 'yar hanyar da ke zuwa wurin Bertha, da lema a kan cinya, ko da yake sama tas take.

Lionel ya raba kofuna, ya yi jawabi, ya shiga ƙaro ƙanƙara yadda ya saba. Idanu suka shiga yawo. Babu tukunya, babu ganye, sai siminti fari da zai tona asirin ko ɗigo ɗaya.

Rabaran ya miƙe. "Bari in je in gaida kabewa."

"Ba ta karɓar baƙi yau, Rabaran," in ji Hilary, ta gyara riƙon lema. "Ta sha da yawa."

Rabaran ya koma ya zauna a hankali. Da Lionel ya fito ya ga kofuna cike, sai ya ɗaure fuska.

"Yau kuma kunya ake ji? Ku sha mana, akwai ƙari."

Ya juya ya ɗauko lemo. Cikin wannan ɗan tsakanin Misis Tuppen ta buɗe jakar hannunta ta yi abin da za ta yi. Rabaran ya duba hagu da dama, ya sunkuya kan hularsa ta kaba da ke ƙarƙashin kujera. Hular kaba kuwa ba ta riƙe ruwa. Wani jan ruwa ya fito daga ƙarƙashin limamin coci ya kama hanya a kan siminti, ya haɗu da wanda ke ɗiga daga jakar shugabar kwamiti, suka gangara tare har gaban takalmin Lionel.

Lionel ya dubi ruwan, ya dubi Rabaran. "Ba ka da lafiya ne?"

"Zafi ne," in ji Rabaran. "Zufa."

"Ni kuma turarena ne ya fashe," in ji Misis Tuppen.

Hilary ta miƙe. "Lionel, ina da albishir. Likita, faɗa masa."

Likita Fenwick, wadda Juma'a bayan Juma'a take komawa gida da harshe kamar fatar takalmi, ta yi wani murmushi. "Ƙafarka ta yi sauƙi, Mista Pilbeam. Kofi ɗaya ba zai yi maka komai ba. Ni ma na ga bai dace a ce kowa na morewa ban da mai abu ba."

Aka tafa. Ba a taɓa yin tafi mai zuciya irin wannan ba a Dunstow. Hilary da kanta ta ɗauko kofin nan mai kama da kwano, ta cika shi daga jarka har baki, ta sa masa lemo da kokwamba.

Lionel ya ɗaga shi sama. "Don rumfar bana!" Ya kafa kai ya yi babbar kurɓa irin ta gwanaye.

Bakinsa ya tattare wuri ɗaya. Gashin hancin da yake taƙama da shi ya miƙe. Ya ji kamar ya tauna dukan magungunan asibiti a lokaci guda, aka bi shi da tsatsar ƙusa. Ya so ya tofar, ido ya yi yawa. Ya haɗiye, hawaye suka zubo. Sai idonsa ya fara yawo da kansa, yana neman tukunya, ko ganye, ko wani lungu. Ya ga zagayen da tukwane suka bari a kan siminti. Ya ga kututturen wardi. Ya hango Bertha can a kwance da gefe a lotse. Ya ga ruwan da ke gaban takalminsa. Ta tsakanin katakon shinge kuma ya ga Toffee, a ɗaure, yana kallonsa.

"Yaya ka ji shi?" in ji Hilary.

Mutum sama da talatin suka zuba masa ido. Shi ma fa ɗan Dunstow ne.

"Da daɗi ƙwarai," in ji shi, da muryar da ba tasa ba.

"Madalla. To Misis Tuppen, ga shawara. Tunda kowa na yabo, a yi zaɓen a sauƙaƙe. Duk mai son a ba mijina rumfa, ya shanye kofinsa."

Ba hannun da ya motsa. Wani ya shiga duba agogo, wata ta gano wani abin sha'awa a jikin gajimare. Lionel ya dubi nasa kofin. Ƙuri'a ɗaya ce tak za ta iya zama tasa, kuma tana hannunsa. Ya kai shi baki, warin ya doke shi, hannun ya sauko da kansa.

Misis Tuppen ta miƙe da jaka tana ɗiga. "To, ina ganin rumfa ta zauna wurin Mista Goodyer. Amma mun gode ƙwarai, Mista Pilbeam, an sha daɗi."

"An sha daɗi," in ji kowa, suka ajiye kofuna cike suka yi ƙofa har suna haɗa kafaɗa. Clive bai bi ta ƙofa ba, shinge ya tsallaka ya je ya kwance karensa.

Aka bar Lionel a tsaye da kofi. Ya fara matsawa a hankali wajen magudanar ruwan kicin. Lema ta sauka a gabansa.

"Ina za ka?"

"Hilary, ai taro ya watse."

"Ka ce da daɗi. A gaban Rabaran ka faɗa." Ta jawo kujera ta ajiye masa, ta juya ta yadda zai fuskanci Bertha. "Zauna ka shanye. Ita ma haka ta yi ta sha, ba wanda ya tambaye ta."

Ya zauna. Ya kurɓa, ya runtse ido. Can sai kan Clive ya ɓullo ta saman shinge, da Toffee a hannu yana kaɗa wutsiya.

"Yaya dai, maƙwabci? Yana shiga?"

"Da daɗi ƙwarai," in ji Lionel.

"Haka na ce," in ji Hilary, ta girgiza jarkar ta ji nauyinta. "Kuma ko rabi ba a ci ba."